Rupin Siri Lanka da Ikon Buga Kuɗi

A shekarar 1884 bankin Oriental, wanda takardun kuɗinsa ke yawo a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, ya durƙushe bayan wata cuta ta lalata gonakin kafe da ya ba rance. Turawan Ingila masu mulkin tsibirin suka kafa hukumar buga kuɗi, suka gindaya mata sharaɗi: ba a fitar da takardar rupi sai da ajiyar da ke tsaya mata, darajarta kuma daidai da ta rupin Indiya. Tsarin ya tsare mutuncin kuɗin, amma ya ɗaure hannun mahukunta.

Bankunan Turawa na lokacin sun fi kula da masu gonakin shayi da manyan fatake. Ɗan ƙasa sai ya nufi masu ba da rance da ruwa, ƴan kudancin Indiya. Wannan koke ne ya haifar da Bankin Silon a 1939.

Bayan samun ƴancin kai a 1948, gwamnati ta gayyato John Exter, masanin tattalin arziki daga Amurka, ya tsara mata babban banki. An buɗe shi a 1950, Exter ya zama gwamnansa na farko. Ƙasar ta samu ikon buga kuɗinta, doka kuma ta ba bankin damar ranta wa gwamnati.

Ta wannan ƙofa masifa ta shigo. A ƙarshen 2019 aka zabtare haraji, annobar korona ta tsayar da yawon buɗe ido, aka riƙa cike giɓin baitulmali da sabon kuɗi har ajiyar dala ta ƙare. A watan Afrilun 2022 ƙasar ta dakatar da biyan bashin waje. Dala ta tashi daga kimanin rupi 200 zuwa 360, tsadar kaya ta kusa kashi 70 cikin ɗari a Satumba. Tun a Yuli zanga-zanga ta kori shugaba Gotabaya Rajapaksa.

A 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyar 3, majalisa kuma ta zartar da dokar da ta hana babban banki buga wa gwamnati kuɗi, sai cikin halin gaggawa. Takunkumin da aka kwance a 1950, ƴan ƙasa da kansu suka mayar da wani ɓangarensa.