Berayen Neal Miller da tarihin koya wa jiki natsuwa

 Kafin mu fara, ku ɗan dafa wuyan hannunku, ku ji yadda jini ke bugawa. To, za ku iya umartar zuciyarku ta rage gudu kamar yadda kuke umartar hannu ya ɗaga? Shekara da shekaru masana suna cewa hakan ba zai yiwu ba, domin bugun zuciya da ƙarfin jini da gumi aiki ne da jiki ke yi ba tare da neman izinin mai shi ba. Yau za mu ba ku tarihin wani salon jiyya da ya ƙalubalanci wannan ra'ayi, wanda ake kira bayofidbak, wato a liƙa wa mutum na'urar da za ta riƙa nuna masa abin da ke gudana a jikinsa, ta sauti ko ta allo, har ya koyi sarrafa shi.

Labarin ya yi ƙarfi ne a Amurka cikin shekarun 1960. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Neal Miller, na jami'ar Rockefeller da ke birnin New York, tare da abokin aikinsa Leo DiCara, sun riƙa yi wa beraye allurar kurare, dafin da mafarauta a Kudancin Amurka ke shafa wa kibiya. Dafin yana sandare tsoka baki ɗaya, har sai inji ne ke yi wa beran numfashi. Da zarar zuciyar beran ta sauya gudu yadda ake so, sai a ba shi lada da ɗan tartsatsin lantarki a sashen ƙwaƙwalwa mai sa jin daɗi. Tun da beran ba ya iya motsi, duk sauyin da aka gani ba za a ce tsoka ce ta jawo shi ba. A shekarar 1969 Miller ya bayyana a mujallar Science cewa berayen sun koyi ƙara gudun zuciya ko rage shi. A wannan shekara ce kuma masu bincike suka taru a Santa Monica ta jihar Kalifoniya, suka kafa ƙungiya da sunan bayofidbak.

Nan da nan labari ya bazu. Dama a shekarar 1968 Joe Kamiya ya ba da labarin mutanen da suka koyi sarrafa igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira alfa. 'Yan kasuwa suka shiga sayar da na'urori suna alƙawarin kwanciyar hankali, wasu ma suna hasashen an kusa sallamar maganin hawan jini.

Sai dai fa, masu sauraro, ga inda gizo ke saƙa. Da Miller da ɗalibinsa Barry Dworkin suka sake gwajin, sai sakamakon ya yi ta raguwa har ya ɓace. Sun duba dafin, sun duba injin numfashi, sun duba irin berayen, amma shiru. Miller bai rufa wa kansa asiri ba. A shekarar 1974 suka fito fili suka faɗi matsalar, a 1986 kuma suka wallafa rahoton cewa sun kasa maimaita gwajin da ya ɗaukaka sunansa.

To, me ya hana wannan fanni mutuwa? Abin da ya cece shi shi ne ƙananan ayyukan da aka yi da marasa lafiya. A jami'ar Kolorado, Thomas Budzynski da Johann Stoyva sun liƙa wa masu fama da ciwon kai wayoyi a goshi. Idan tsokar ta ɗaure, na'urar ta yi ta ƙara, idan ta saki, ƙarar ta lafa. A gwajin da suka wallafa a 1973, waɗanda suka koyi lafar da ƙarar sun samu sauƙi fiye da sauran. A cibiyar Menninger ta jihar Kansas kuma, Elmer Green da matarsa Alyce sun koya wa mutane ɗumama hannuwansu suna kallon ma'aunin zafi, dabarar da aka shiga amfani da ita kan ciwon ɓarin kai. Hikimar a nan ita ce, damuwa tana tsuke jijiyoyin jini na yatsu su yi sanyi, natsuwa kuma tana buɗe su.

A yau likitoci suna amfani da wannan hanya kan ciwon kai, da rage damuwa, da kasa riƙe fitsari saboda raunin tsokar mara, da wahalar bayan gida da ke faruwa idan tsokar ta ƙi saki. Amma a lura, ba ta warkar da yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke jawowa, wannan sai aikin tiyata. Kan hawan jini ma hujjar ba ta da ƙarfi, saboda haka kada kowa ya ajiye maganinsa don ya sayi agogo ko manhajar waya mai auna bugun zuciya. Ita na'urar madubi ce kawai, aikin na mai dubawa ne, kuma yana bukatar makonni ana atisaye.

Miller ya rasu a shekarar 2002. Idan wani ya tallata muku na'urar da ke maganin kowace cuta, ku tambaye shi abin da Miller ya tambayi kansa: an sake gwadawa, an kuma samu sakamako iri ɗaya?