Gwajin sauraren ƙarfe

Gwajin sauraren ƙarfe dabara ce ta gano tsatsa da tsagewa a tankuna da bututai ba tare da an buɗe su ba. Duk sanda tsaga ta ƙara gaba, ko ɓawon tsatsa ya ɓalle, ƙarfen kan saki ɗan amo da kunnen mutum ba ya ji, sau da yawa sama da kilohaz 20. Sai a liƙa na'urori masu ji a jikinsa, kwamfuta ta auna wadda amon ya fara isa, ta nuna inda ɓarnar take.

Bajamushe Joseph Kaiser ya kafa tushen fannin a Munich, a 1950.

Kafin a fara gwajin, injiniya kan karya bakin fensir a jikin ƙarfen, don ya tabbatar na'urorin na ji. Tankin mai kuwa sai an bar shi shiru na awowi, saboda ruwan sama ko rurin famfo kan rikita sakamako.

 Manyan kaya irin bututun ɗanyen mai na Agadem zuwa Benin, wanda ya ratsa jihar Maraɗi, suna cikin irin abubuwan da za a iya gwadawa da dabarar.