Galadiman Katsina Mamman Nasir a Malumfashi

A zamanin En'e, hakimi shi ke tara haraji da jangali, a kai Baitulmali a Katsina. Da aka miƙa ikon En'e ga ƙananan hukumomi cikin 1976, sai waɗansu suka zaci hakimci ya zama rawani kurum.

To, cikin 1992 Mamman Nasir ya sauka daga shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya, aka naɗa shi Galadima, ya zauna Malumfashi. Ku duba fa, mutumin da manyan alƙalai ke miƙe wa, ga shi yana sauraron kukan manoma, ba kotu a hannunsa, sai girman da jama'a suka ba shi. Ya kuma shugabanci Gidauniyar Jihar Katsina. Shekara 27 ya yi bisa sarauta, ya rasu cikin 2019. Allah ya jiƙansa, amin.