Yadda Kwat Ya Rabu Gida Uku

Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce ko'ina a duniya. Amma duk wanda ya ce a mayar masa da ita kwat, sai an tambaye shi wanne yake nufi. In na ruwa ne na Amurka, 1,056.69. Na Ingila, 879.88. Na hatsi na Amurka kuwa, 908.08.

Daga kasuwannin Ingila rikicin ya samo asali. Kwat rubu'in galan ne, a da kuwa kowace haja da galan ɗinta, kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya cika na wata. Na ruwan inabi, wanda doka ta tabbatar a 1707 zamanin Sarauniya Anne, inci kubik 231 ne. Na giya 282. Hatsi kuma da ma'aunin Winchester ake auna shi. Da waɗannan ma'aunai Turawan da suka ƙaura Amurka suka tafi.

A 1824 majalisar Birtaniya ta share su duka, ta kafa galan guda, wato gurbin da laba 10 ta ruwa ke cikawa a zafin digiri 62 na Fahrenheit. Amurka a lokacin ta kusa shekara hamsin da shelar 'yancin kai, ba ruwanta da dokar Landan. Ta riƙe na ruwan inabi da na Winchester. Abin dariya, jamhuriya ce ta adana galan ɗin sarauniya bayan masarautar ta yar da shi. Sabon kuwa ya bi sawun mulkin mallaka, da shi aka riƙa sayar da kananzir a Najeriya kafin a koma lita a shekarun 1970.

Faransa tun 1795 ta kama wata hanya: lita akwati ce mai sentimita 10 ta kowace fuska. Litar ma ta yi tuntuɓe, don a 1901 an ɗaure ta da kilo ɗaya na ruwa, ta ɗara da ɗan ƙiris, sai a 1964 aka gyara.

A 1959 aka daidaita cewa inci milimita 25.4 ne cif. Yau mita ke yanke wa kwat girmansa: na ruwa na Amurka lita 0.946 da 'yan kai, na Ingila 1.137. Shi ya sa jarkar man inji ta Amurka mai kwat 5 ba ta wuce lita 4.73, ko da bakanike ya rantse biyar ya zuba.