Hatsin Makka: Baƙon Da Ya Cinye Burtali

A gandun dajin Ol Pejeta na ƙasar Kenya, wata baƙuwar tururuwa mai babban kai ta kashe tururuwan gida masu gadin bishiyoyin ƙaya. Da masu gadi suka ƙare, giwaye suka kakkarya itatuwa, daji ya buɗe, zaki ya rasa inda zai ɓuya ya kama jakin dawa, sai ya koma kan ɓauna. An buga wannan bincike a mujallar Science a 2024.

Mu a Agie, Gazawa da Gidan Rumji, namu baƙon haki ne: hatsin Makka, wanda masana ke kira Sida cordifolia. Sunan ma ya nuna an ɗauke shi baƙo. Dabba ba ta damu da shi, iri gare shi kamar ƙasa, inda ya kafu kuwa burburwa, kyasuwa da gadagi sai su ja baya.

To, yaya aka yi ya samu wuri? Ni a ganina amsar tana cikin tarihinmu. Farin 1973 da na 1984 sun kashe ciyawa da itace. Jama'a ta ƙaru, aka daina barin saura, gonaki suka ci gefen burtali. Dabbobi suka matsu a ƴar makiyayar da ta rage, suna cinye ciyawa mai kyau tun ba ta zuba iri ba, suna barin wanda ba su ci. Ka ga, ciyawar ita ce mai gadin, kuma mu muka kore ta. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin makiyaya, amma takarda ba ta tuge haki. Burtalin da babu ci a cikinsa shi ke tura saniya gonar mutum, daga nan sai faɗa.

Amma wannan yanki ya taɓa gyara ɓarna. Sassaben zamani da aka soma yaɗawa a Maradi wajen 1983 ya maido da gawo da kalgo a gonaki, har Ɗan Saga ta yi suna. An kuma san maganin hatsin Makka: a tuge shi kafin ya yi iri, a watsa irin ciyawa, a hutar da wurin. Wahalar ita ce, gona tana da mai ita, burtali kuwa na kowa ne. Tugewar bana banza ce in baɗi ba wanda ya tsare wurin. Aikin nan na mai gari ne, da arɗo, da mu samari.