Dutsen Jikin Bango Da Dutsen Cikin Turmi



Ranar da aka yi mini jere, gwaggona ta rataya wani zane a saman gadona. Wasu duwatsu ne baƙaƙe masu tsini, teku tana dukansu, kumfa na tashi fari fat. Na sha zama ina kallonsa ina cewa, mu mutanen Anka ina mu ina teku?

Ashe ba haka ba ne. Masana ƙasa sun ce fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, ruwan teku ya taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato. Shi ya bar farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, har da ƙasusuwan kifaye da kadoji da aka tono wajen Wurno. Duwatsunmu na Anka kuwa sun girmi wannan teku nesa ba kusa ba, kuma a cikinsu Allah Ya ajiye zinari.

To 'yar uwa, a nan gizo ke saƙa. Tare da zinarin akwai dalma. Da farashin zinari ya tashi, maza suka riƙa kwaso dutse daga rami suna kawowa gida. Mata suka daka a turmi, aka niƙa a inji, aka shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A shekarar 2010 yara suka fara suma da jijjiga a Dareta da Abare da Bagega, da 'Yargalma ta Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka lura da yawan sababbin kaburbura ƙanana. Yara fiye da 400 suka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba ta samu ba sai 2013.

Har yau zanen nan yana ɗakina, amma kallon da nake yi masa ya canza. Dutse a jikin bango ado ne, a tsakar gida kuwa ajali ne. Don Allah kada ki yarda maigida ya shigo miki da dutsen zinari, ko kayan aikinsa masu ƙura. Ki lallashe shi ya wanke jiki ya canza tufafi tun a can. Turminki na hatsi ne kawai.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.