Daga Wasan Gauta Zuwa Labarina: Tarihin Faɗanmu Da 'Yan Wasan Kwaikwayo

Jama'a, duk wanda yake bibiyar shirin Labarina ba zai manta yadda gari ya ɗauka ba lokacin da aka kashe Mahmud a cikin labarin. Kafin gari ya waye Facebook ya cika. Masu cewa sun daina kallo daga ranar daban, masu ɗora wa darakta Aminu Saira laifi daban, masu tausayin Sumayya daban. Haka aka sake yi a 2022 da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, aka kawo Fati Washa ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya. Kuma har yau haka ake yi kusan duk mako: a saka sabon kashi da daddare, da safe a tashi da shari'a.

Duk lokacin da irin wannan ta faru sai ka ji wani ya ce, wai ku ba ku da aikin yi ne, ga tsadar rayuwa ga rashin tsaro, kun zauna kuna faɗa a kan mutumin da babu shi? Ni dai ina ganin wannan magana ta raina abin. Faɗan nan da muke yi ya girmi Facebook, ya girmi talabijin ma. Bahaushe bai taɓa zama ɗan kallo mai shiru ba. Abin da ya canja shi ne inda faɗan yake sauka, kuma a nan ne damuwata take. Amma bari mu fara daga baya.

Tun kafin zuwan Turawa, a wasu fadojin ƙasar Hausa akwai abin da ake kira Wasan Gauta. Matan cikin gidan sarki ne suke shirya shi, wata ta fito a matsayin sarki, wasu su fito a matsayin hakimai da fadawa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci. Wanda ake kwaikwaya yana ji yana gani, ya yi dariya, amma saƙon ya isa. Abin da ba a iya faɗa wa babba a gaban idonsa, sai a faɗa masa cikin wasa.

A cikin gari kuma ga tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kai kwana goma. Ku duba wasannin da kyau, da yawansu maganar gida ce: zaman aure, raggon miji, tsohon da ba ya jin girmansa, gwauron da ya ƙi aure. A tashen 'yan mata akwai Mairama da Daudu, inda ake nuna yadda amarya za ta zauna da mijinta. Su kuwa matan gidan da aka shiga ba zuba ido kawai suke yi ba. Suna guɗa, suna tsoma baki, suna gyara wa yaran in sun yi kuskure, sannan su ba da hatsi ko 'yan kuɗi. Wato tun asali, mai kallo yana cikin wasan.

Da boko ya zo sai wasan ya hau takarda da rediyo. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma. Wanda ya karanta Uwar Gulma a makaranta ya san abin da ke ciki: auren da ya lalace, mijin da ba ya sauke nauyi, iyaye, da zuwa gaban alƙali. Littafin ya haura shekara 50, amma da za a ɗora shi a YouTube gobe, wallahi da irin sharhin da ake yi wa Labarina za a yi masa.

Talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta buɗe CTV a Kano a farkon shekarun 1980, tashar da yanzu ake kira ARTV. Zamanin su Ƙasimu Yero ke nan da shirin Karambana, da Usman Baba Pategi mai Samanja Mazan Fama, da Karkuzu a Jos, da Kuliya Manta Sabo a Kano. A lokacin akwatin talabijin ba a kowane gida yake ba. Unguwa guda sai ta taru a gidan mai shi, yara a ƙasa, manya a kan tabarma ko benci. Ana kallo ana sharhi. Idan an tashi a ƙarasa a majalisa, mata su ƙarasa a gidan suna ko gidan biki.

Ku lura da Kuliya musamman. Shirin kotu ne, ana kawo ƙara gaban alƙali, kuma irin rigingimun da aka saba gani ne a gidaje da unguwanni. Kafin alƙalin cikin akwati ya yanke hukunci, alƙalai ashirin da ke zaune a tsakar gida sun riga sun yanke nasu. Wannan kujerar alƙalanci ita ce har yau ba mu sauka daga kanta ba.

Amma ga wani abu game da wancan zamani: duk zafin da aka ɗauka, a zauren yake ƙarewa. Ƙasimu Yero ba ya jin abin da aka ce a wata majalisa a Gusau. Wanda abin ya dama sosai sai dai ya sayi takarda da kan sarki ya aika wa tashar wasiƙa, ta yi kwanaki a hanya. Kafin ta isa, zuciya ta huce.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, aka shiga zamanin da daga baya aka raɗa wa suna Kannywood. Kusan lokaci guda littattafan soyayya suka cika kasuwa: su Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne, su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna. Me suke magana a kai? Auren dole, kishiya, sakin wulaƙanci, mijin da ya watsar da uwargida da 'ya'yanta saboda amarya. Masana suka yi ta kai ruwa rana a jaridu, har aka laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano. A 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, masu kallo suka samu shafin da za su yaba ko su caccaki 'yan wasa, kuma 'yan wasan su karanta da idonsu. Tazarar da ke tsakanin mai kallo da mai wasa ta fara raguwa.

A nan ne kuma hukuma ta shigo da ƙarfinta. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim na wani lokaci, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007, bayan wata badaƙala da ta girgiza masana'antar, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, kuma a shekarun da suka biyo baya sai da Adam A. Zango da Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama suka ga gidan yari. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji saboda hayaniyar da aka yi a kan mumbari da kafafen sada zumunta. A shekarar dai ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki. Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan abubuwa, ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da nake so a gani shi ne, daga wannan lokaci ƙorafin mai kallo ya daina zama hira kawai. Ya zama abin da zai iya rufe kamfani ko ya raba mutum da sana'arsa.

Sai zamanin da muke ciki. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, wanda ya dawo mana da al'adar jiran shiri mako-mako. Kamaye da Adama suka zama kamar maƙwabtan kowa, har ana yi wa ma'aurata masu yawan cacar baki laƙabi da sunansu. Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019 da siyasar jihar Alfawa. Kasuwar faifan CD ta riga ta durƙushe saboda satar fasaha da tura fim a waya, don haka a 2020, shekarar kullen korona, masu shirya fim suka karkata ga shiri mai dogon zango a YouTube. Labarina da Izzar So suna cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa.

Wannan sauyi ba ƙarami ba ne. Fim ɗin kaset an gama shi kafin ka gani, in ka ji haushi sai dai ka haɗiye. Shi kuwa shiri mai dogon zango, ana nuna wani zangon ana shirya na gaba. Marubuci yana riƙe da waya, yana ganin duk abin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyon. Kuɗin shiga kuma ya danganta da yawan masu kallo da masu ba da talla. Ke nan zauren da a da yake ƙarewa a unguwa, yanzu ya koma cikin ɗakin marubucin. Kuma ba 'yan Kano da Kaduna kaɗai ke ciki ba. Mutumin Damagaram yana ciki, na zangon Kumasi yana ciki, 'yar aikatau a Jidda tana ciki.

Akwai alheri a nan, kada a manta. Maganganun da mace ba ta iya yi a gaban surukarta, ko namiji a gaban abokansa, ana yin su a fakaice da sunan Sumayya ko Adama. In ka karanta sharhin da kyau za ka ga ba a kan shirin ake magana ba. Wadda ta rubuta layi goma tana kare uwargida, sau da yawa labarinta take bayarwa ko na mahaifiyarta. Wanda ya dage cewa saurayi talaka aka zalunta, shi ma akwai inda ke masa ciwo. Wasan Gauta ne ya dawo, sai dai yanzu kowa yana da damar shiga fili.

Amma akwai abubuwa biyu da suke ba ni tsoro.

Na farko, mun fara kasa raba ɗan wasa da rawar da aka ba shi. Matar da ta fito a muguwar kishiya, sai a bi ta har shafinta a zage ta, a zagi iyayenta, a shiga maganar aurenta. Alhali in ta sa ka ji haushi, ai aikinta ta iya. A tashe, yaron da ya saka gemun auduga ya kwaikwayi tsoho, ba wanda yake binsa gida da sanda. Kakanninmu da ba su yi boko ba sun gane wannan bambanci, bai kamata mu masu waya a hannu ya gagare mu ba.

Na biyu, da zarar wani kashi ya ɓata mana rai sai mu fara kiran a dakatar da shirin. Hukuma tana da aikinta, kuma tana yi: a watan Mayun 2025 hukumar tace finafinai ta Kano ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da shirye-shirye 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kawo su an tace ba kafin a sake su. Wannan maganar ƙa'ida ce tsakanin hukuma da masu sana'a. Amma ni da kai, bai kamata haushinmu na dare ɗaya ya zama takardar ƙara ba. Akwai bambanci tsakanin shirin da ya nuna batsa da shirin da ya nuna abin da ba ma so a tuna mana. Mugun miji yana nan a unguwanninmu. Uwar miji mai raba aure tana nan. Mutumin kirki yana mutuwa ya bar mugu yana yawo. Marubuci bai ƙirƙiro waɗannan ba, a gidajenmu ya gani.

Idan muka ci gaba da tsorata marubuta, abin da za mu samu shi ne labari marar gishiri: kowa nagari, kowace kishiya ta tuba a kashi na uku, ba wanda zai mutu sai mugu. Za mu kalla, ba za mu yi faɗa ba, kuma ba za mu ƙaru da komai ba. Da Balaraba Ramat ta ji tsoron surutu, da ba mu samu Alhaki Kuykuyo Ne ba.

Su ma masu shirya fim akwai nasu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In masu kallo suka ce an ja labari ya yi tsawo don neman kuɗin talla, ko an nuna aikin likita ko na kotu ba yadda yake ba, ko an canja hali ba tare da dalili ba, wannan gyara ne, a karɓa. Amma a bar wa marubuci alƙalaminsa a kan wa zai rayu, wa zai mutu, wa zai auri wa.

Don haka idan an saka kashi na gaba, a yi sharhi, a yi musu, a kafa hujja, gadonmu ne. A caccaki Presido ko Baba Ɗan Audu yadda aka ga dama, amma a ƙyale Isa Feroz Khan da Rabi'u Rikadawa su ci abincinsu lafiya. In kuma wani kashi ya tsaya maka a rai har ka kasa barci, kafin ka rubuta a dakatar da shirin, ka ɗan tambayi kanka wane gida ya tuna maka.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Ku faɗa min a ƙasa, wane shiri ne na da ko na yanzu ya fi haddasa musu a gidanku?